Don riga ta ƙone sai a tada unguwa?

Ranar Juma'a da hantsi ina tsakar gida ina wanke babur sai na ji ihu daga gidan da muke katanga ɗaya. Irin ihun nan da za ka yar da abin da ke hannunka ka fito ba takalmi, don a zatonka ko tukunyar gas ce ta kama ko yaro ne ya faɗa rijiya. Ashe ba ko ɗaya, riga ce.

Yadda maiɗakina ta jiyo daga baya, an kawo wuta ne bayan an daɗe babu, matar gidan ta yi maza ta jona dutsen guga don ta goge wa maigidan shaddar da zai sa zuwa masallaci, tana cikin gugar jariri ya tsala kuka a ɗaki, ta ruga, kafin ta dawo dutsen ya zauna daram a gaban rigar daidai kan aikin wuya, ya bar shatinsa baƙi ƙirin.

Abin da ya fito daga bakin bawan Allahn nan ba duka zan iya maimaitawa ba. Jaka, sakarya, dama ke me kika iya, har aka gangaro kan uwarta da irin tarbiyyar gidansu. Ita kuwa ba abin da kake ji sai "don Allah ka yi haƙuri Abban yara, wallahi ban sani ba, ka yi haƙuri". Yaran sun fito soro sun yi cirko-cirko, babbar na riƙe da hannun ƙaninta. Ƙarfe ɗaya sai ga shi ya fito cikin wata shaddar, yana ƙamshi, darduma a kafaɗa, yana miƙa wa mutane hannu da fara'a kamar ba shi ba.

To ni dai bari in faɗi nawa tun yanzu. Mutumin da yake tada jijiyar wuya a kan abin da ya faru bisa tsautsayi, faranti ne ya fashe ko miya ta ƙone ko waya ta faɗa bokiti, ba gyara yake yi ba, ba kuma tarbiyya yake bayarwa ba. Ya dai samu wadda ba za ta iya ramawa ba ne ya sauke mata. Kuma asarar da yake jawo wa gidansa da wannan ihun ta ninka ta abin da ya lalace nesa ba kusa ba.

Na san abin da za a ce, don na sha ji a majalisa.

"Ka san nawa shadda take yanzu kuwa?"

Na sani, ni ma a ƙasar nake. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, litar fetur da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Mafi ƙarancin albashi an mai da shi 70,000 a 2024, a shekarar da buhun shinkafa ya fi ƙarfin wannan kuɗin. Shadda mai kyau da ɗinki da aiki tana iya cinye albashin ƙaramin ma'aikaci na wata guda ta nemi ciko. Don haka wanda ya ga rigarsa ta ƙone ransa ya ɓaci, ba zan ce masa ya yi dariya ba. Mutum ne, dole ya ji zafi.

Amma jin zafi daban, zagin uwar mutum daban. Kana iya cewa innalillahi, ka yi tsaki, ka fita waje ka sha iska, har ka wuni ba walwala, duk wannan ba wanda zai ga laifinka. Inda muke rabuwa shi ne lokacin da ka juyo kanta, wadda ita ma jikinta rawa yake tun kafin ka buɗe baki, don ta fi ka sanin abin da ya faru, ita ta fara jin ƙaurin.

Sannan akwai wani abu da mu maza muke saurin mantawa. A al'adarmu kayan ɗaki iyayen mace ne suke yi. Gado, kujeru, labule, kuloli, filas, tangaran, tukwane, har cokalin da kake shan shayi da shi, ubanta ne ya sayar da gona ko ya ci bashi, uwarta ta yi shekaru tana zubin adashi ana tarawa. Kai ka yi lefe ka ba da sadaki ka nemi gida, sauran an kawo maka an jera. To idan kofin gilashi ya suɓuce mata ya fashe, yawanci nata ne fa ya fashe. Na taɓa jin wanda ya yi wa matarsa tas a kan murfin kula, kular da 'yan uwanta suka kawo ranar jere. Abin dariya abin takaici.

Wa kake yi wa, wa kake ƙyalewa?

Ga gwaji mai sauƙi, kowa ya yi wa kansa ba sai ya gaya wa kowa sakamako ba.

Abokinka ya zo gidanka, hannunsa ya bugi kofi ya tarwatse a kan tayil. Me kake cewa? "Haba ba komai wallahi, bar shi, yanzu za a share, Allah ya sa dai bai yanke ka ba." Ogan ka a ofis ya zubar maka da shayi a kan takardun da ka kwana kana haɗawa, kai ne ma za ka ba shi haƙuri. Ƙaninka ya ari mota ya dawo da ita an goge gefe, ka ɗan yi faɗa ka ce Allah ya kiyaye gaba. Kai da kanka wayarka ta zame daga aljihu a kan babur gilashin ya yi raga-raga, ka ɗauka ka kaɗe ka ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, ka nufi wajen mai gyara.

Ashe ka iya haƙuri. Ashe ka san mene ne tsautsayi. Mutum ɗaya ce kawai a duniya ba a yi wa wannan uzurin, wadda take wanke maka kaya take dafa abin da za ka ci take renon 'ya'yanka. Inuwar giginya kenan, na nesa ka sha.

Shi ya sa ba na karɓar maganar "ni haka Allah ya yi ni, ina da zuciya, idan raina ya ɓaci ba na gani". Zuciyar da ta san ta kwanta a gaban ɗan sanda a shingen hanya, ta san ta yi laushi a gaban mai gidan haya idan wata ya ƙare, wannan zuciyar tana gani sarai, zaɓe take yi. Wanda da gaske fushi ke rufe masa ido har bai san wa ke gabansa ba, wannan lalura ce, asibiti ya kamata ya je, kuma ba su da yawa.

"Idan ba ka nuna ɓacin rai ba gobe ma za ta sake"

Wannan ita ce hujjar da ta fi ƙarfi, kuma a nan nake so in daɗe.

Eh akwai sakaci. Akwai wadda za ta ɗora girki ta shige ɗaki ta kama waya sai maƙwabta sun jiyo ƙauri, yau haka gobe haka. Akwai mai barin wuƙa inda yaro zai ɗauka. Wannan a yi magana a kai, a zauna bayan an huce a ce wance abu kaza ba zai yiwu ba, idan ta ƙi ji a gaya wa manya. Ban ce a zuba ido ba.

Amma mu duba yadda aikin gida yake tukuna. Mace ɗaya, goyo a baya, wani na jan zani, tukunya biyu a wuta, an kawo ruwan famfo dole a tara kafin a ɗauke, an kawo lantarki dole a yi guga a yi markaɗe a sa caji duk a lokaci ɗaya don ba wanda ya san minti nawa za ta yi, ga mai sallama a ƙofa, ga barcin da ba ta samu ba jiya saboda yaro na zazzaɓi. Wanda yake taɓa abu ɗari a wuni dole wata rana ɗaya ya kuɓuce. Kai da ba ka taɓa fasa faranti ba, ba don ka fi ta nutsuwa ba ne, don ba ka wanke-wanke ne.

Kuma tsoro ba ya sa hannu ya daina rawa, ƙara masa yake yi. Duk wanda ya koyi tuƙi a hannun mai tsawa ya san wannan.

Abin da tsawa take koyarwa guda ɗaya ne, ɓoyewa. A gidan da ake tashin hankali a kan kuskure, kuskuren ba ya raguwa, labarinsa ne yake daina zuwa kunnen maigida. A tattara fasasshen a kai bola tun kafin ya dawo, a ci bashin maƙwabciya a sayo wani, a ce wa yara kar wanda ya gaya wa Abba. Yaro ɗan shekara biyar ya fara koyon ƙarya a hannun uwarsa, ba don ita maƙaryaciya ba ce, don tana kare kanta. Kai kuma kana majalisa kana bugun ƙirji wai gidanka ba a wasa.

Idan a kan faranti ne da sauƙi. Amma ka ɗauki kalanzir. Gidaje da yawa a robar lemo ko ta ruwa ake zuba shi, yaro mai rarrafe ya gani ya kafa kai. Abin da likitoci suke cewa shi ne a tafi asibiti nan take, kar a sa shi amai, kar a ɗura masa manja, domin haɗarin kalanzir shi ne ya shiga huhu, amai da ɗure kuwa hanyar shigarsa suke buɗewa, kuma yaron yana iya zama kamar lafiya lau sai bayan sa'o'i numfashi ya fara sarƙewa. To yanzu matar da ta san a kan riga ma an zagi uwarta, kana ganin za ta ɗaga waya ta ce Abban yara ka zo yaro ya sha kalanzir? Manjan za ta ɗauko, ta yi ta addu'a Allah ya sa kar ka gane. Haka idan tiyon gas ya fara tsagewa ko kan ya fara yoyo, maimakon ta faɗa a canza sai ta ɗaure da leda ta ci gaba da girki, don ta san tambayar farko ita ce garin yaya kika lalata. Haka yaro zai faɗo daga gado ya bugu a kai a yi shiru.

Wannan shi ne kuɗin da ake biya, kuma ba a ranar ake biyansa ba.

Kar a ɗauka ƙaramin abu nake kambamawa. Binciken lafiya da yawan jama'a da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar a 2018 ya tambayi mutane ko miji yana da hujjar dukan matarsa a kan abubuwa biyar, kuma ɗaya daga cikin biyar ɗin shi ne idan ta ƙona abinci. Kashi 28 cikin ɗari na mata da kashi 21 na maza suka amince da aƙalla dalili ɗaya. A lura, matan sun fi mazan yawa. Wato an kai inda ita kanta wadda ake dukan ta yarda cewa ta cancanta, kuma ita ce za ta tarbiyyantar da 'yarta a kan haka.

Mu da muke cewa sunna

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne duk wannan a garin da yaro ɗan Islamiyya yake haddace Arba'una Hadisi. Hadisi na 16, mutum ya ce wa Annabi (SAW) yi mini wasiyya, ya ce kada ka yi fushi, ya maimaita tambayar ya maimaita masa amsar. Hadisi na 39, Allah ya yafe wa al'ummar nan kuskure da mantuwa da abin da aka tilasta su. Ƙarshen Baƙara kuma kullum muna karantawa, muna roƙon Allah kar ya kama mu idan mun manta ko mun yi kuskure. Ka roƙa wa kanka da asuba, da hantsi ka hana matarka.

Anas ɗan Malik ya yi wa Annabi hidima shekara 10, yana yaro, ya ce bai taɓa ce masa tir ba, bai taɓa ce masa don me ka yi kaza ko don me ba ka yi kaza ba. Shekara goma fa, yaro, a ce bai taɓa ɓata wani abu ba? Ya ɓata mana, ba a dai mai da shi abin faɗa ba.

Akwai ma wanda ya fi wannan kusa da maganarmu, yana cikin Bukhari. Annabi yana ɗakin ɗaya daga cikin matansa, wata matar tasa ta aiko da abinci a akushi, mai ɗakin kishi ya motsa ta bugi hannun ɗan aiken, akushin ya faɗi ya rabe, a gaban baƙi. Wannan ba ma tsautsayi ba ne, da gangan ne. Me ya yi? Ya durƙusa ya haɗa ɓallin akushin, ya tattara abincin, ya ce wa sahabbai babarku ta yi kishi, sannan ya sa aka ɗauki lafiyayyen akushi daga ɗakin wadda ta fasa aka mayar wa mai shi. Magana ta ƙare. An biya mai haƙƙi, ba a tozarta kowa ba.

Wani zai ce ai a shari'a wanda ya lalata kayan wani ko da kuskure ne yana biya. To mu ɗauka haka ne har a tsakanin miji da matar da take masa guga kyauta, iyakaci dai riga ce za ta biya ko? Wane malami ne ya ce diyyar shadda ita ce a zagi surukai?

Sannan a irin wannan ihun ne kalmar da ba a so take suɓucewa. A mazhabar Malikiyya da kotunanmu suke bi, sakin mai fushi yana aukuwa matuƙar yana cikin hankalinsa, kuma uku a kalma ɗaya uku ne. Sai bayan la'asar an huce a fara yawo daga wannan malami zuwa wancan ana neman wanda zai ce ɗaya ne, ana rantsuwa wai ba a cikin hayyaci aka yi ba. Je ka ofishin Hisbah ko kotun shari'a ka zauna ka saurari yadda ake ba da labarin mutuwar aure, za ka sha jin an fara da abin da in an faɗa maka sai ka yi dariya, gishiri ya yi yawa, an bar ƙofa a buɗe akuya ta shiga. Gwamnatin Kano ta aurar da mutum 1,800 da matansu a auren gata na 2023, an kashe kuɗi an yi kayan ɗaki, abu mai kyau, amma ana ɗaurawa ta nan ana kwancewa ta can a kan abin da bai kai ya kawo ba.

Mata, ku ma ku zo nan

Kar a ce na zo kare ɓangare ɗaya. Akwai matar da idan miji ya taka mata sabon kafet da takalmi ko ya fasa mata kofi ɗaya cikin saitin da ta jera a shogilas, ranar ba zai ci abinci da daɗi ba, sai ya ji tarihin duk abin da bai saya mata ba tun daga lefe. Bambancin dai shi namiji yana da ƙofa, zai sa hula ya fice majalisa, ba kuma wanda zai ce masa tattara ka tafi gidanku.

Wadda ta fi ban tausayi ita ce 'yar aiki. Yarinya 'yar shekara goma ko sha biyu an ɗauko ta daga ƙauye, ba ta taɓa ganin bilenda ba sai a gidanki, ta fasa jug ɗin, ki kama ta da wayar caja, ki ce za a cire a kuɗin aikinta na wata uku. Sau da yawa matar da aka yi wa tsawa da safe ita ce take dukan 'yar aiki da rana, 'yar aikin ta rankwashi yaro, yaron ya fita ya jefi kare. Kina kukan abin da ake miki kina yi wa 'yar wani.

Ranar da ta zo gida da kumburarren ido

Saura iyaye da waliyyai. Yarinya ta yi yaji ta zo tana kuka, a tambaye ta me ya faru, ta ce riga na ƙona masa. Tun kafin ta ƙarasa an yanke hukunci, ke ma da ganganci, tashi ki koma ɗakinki, aure ɗan haƙuri ne. Ba wanda ya tambayi abin da aka ce mata, balle abin da aka ce wa uwar da take korar ta ɗin.

A Disambar 2024 Sarki Muhammadu Sanusi II ya faɗa a wani taro a Kano cewa yana gaya wa 'ya'yansa mata idan miji ya mare su su rama, aka yi ta ce-ce-ku-ce a Facebook. Ni ban ga ramuwa a matsayin mafita ba, don macen da ta rama mari a ɗaki daga ita sai wanda ya fi ta ƙarfi tana iya fitowa a kan gadon asibiti. Amma na gane abin da yake nufi, miji ya san cewa yarinyar nan tana da gata, akwai waɗanda za su tambaya.

Kuma tambayar ba ta buƙatar kotu ko faɗa. Idan ya zo biko da abokinsa, an gaisa an sha ruwa, kafin a ce Allah ya kiyaye gaba a kira ta, sai baffanta ko kawunta ya gyara zama ya ce masa, Malam wane, mun ji ta ƙona maka riga kuma ba mu ji daɗi ba, idan kana so mu za mu ɗinka maka wata. Yanzu kai kuma muna so ka maimaita mana a nan, kalma da kalma, abin da ka ce mata da abin da ka ce game da mahaifiyarta, ga ta nan zaune tana ji. Mafi yawansu ba za su iya ba, ƙasa za su yi ta kallo suna murza hula.